Daddawar Kawu Nomau Ta Bi Ta Ɗakin Jego

Duk wanda ya zauna Kaura ya san Kawu Nomau ba ya wuce ƙofar gidan da ake girki bai tsaya ba. Zai ci burkin tsohon kekensa, ya sauke ƙafa ɗaya, ya ɗaga hanci sama, ya ja iska sau biyu, sannan ya yanke hukunci da ƙarfi yadda na cikin gida za su ji. Wani gidan ya ce kukar ta sha iska, wani ya ce an yi rowar albasa. In kuwa ya jiyo dunƙulen kanti ya yi yawa a tukunya, sai ya girgiza kai ya ce, "Gishiri da rini na, ba komi ba." Ba ruwansa da ko gidan wane ne. Ni Luba da nake ɗiyar ƙanwarsa, sau nawa ina biye da shi in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ku da kuka san shi ba sai na gaya muku ba, namiji ne amma ya fi mata da yawa sanin tukunya. Yana saurayi kuku ne a masaukin baƙi na reluwe, da jirgi ya yi sanyi ya koma dafa wa direbobi a tasha. Tun da matarsa ta rasu bai sake aure ba, wai ba zai kawo wadda za ta ɓata masa miya ba. Ga maƙo, Allah ya gafarta masa. Ashana ɗaya sai ya tsaga ta biyu. Ni kuma an san ni da tsoro tun ina ƙarama, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai hantar cikina ta kaɗa. To ku dubi wannan haɗi, wai mu biyu ne muka tashi yin gasa da kamfanin dunƙule.

Abin ya samo asali ne daga zuwan Inna Tumba, matar ƙanensa marigayi. Bayan kaka suka iso daga ƙauyensu da ke can bayan Dauran, ita da mata biyar da yaransu, ba su ko girbe abin da suka noma ba. Ba sai na faɗi abin da ya koro su ba, kowa a nan yana da nasa labarin. Kawu ya buɗe musu ɗakunan gidansa, ya koma zaure da tabarmarsa. Amma Inna Tumba mace ce da ba ta iya cin na zaune. Ba a yi wata biyu ba ta fara cewa ita ba ta saba a auna mata hatsi ba. Ta zo da irin gero a gora, ta ajiye shi a ƙarƙashin gado, kuma ta faɗa wa Kawu a gabana ba da wasa ba.

"Yaya, in ruwan shuka ya sauka ban ga abin da hannuna ka kawowa ba, gida za ni. Abin da zai same ni shi iske ni bisa gonata."

Sauran matan kuwa duk inda ta sa ƙafa nan suke sawa. In ta koma, duk sun koma, har da yaran. Tun daga ranar na daina kallon sama da daɗin rai.

Sana'ar da suka iya ita ce daddawa, kuma wallahi tasu ta yi. Matsalar, matan gari na yanzu ba sa son ta. Wai tana wari a hannu, wai sai an daka, wai ta tsofaffi ce. Sun fi son su ɓare dunƙule mai takarda mai sheƙi su jefa a tukunya. Kawu ya yi kwana uku yana zagaya tsakar gida yana magana shi kaɗai. A na huɗu ya tafi wurin maƙeri da tsohon farantin alminiyam, aka yanka masa 'yan gidaje masu kusurwa huɗu. Ya sa aka busar da daddawar sosai, aka dake ta da citta da masoro da kimba da ɗan gishiri, aka danna a gidajen nan. Sai ga daddawa ta fito tsaf kamar dunƙulen kanti, ba ta manne wa hannu, tana narkewa a ruwan zafi. Ni lokacin na gama poli ina zaune ba aiki, karatun kasuwanci na yi. Nan take ya naɗa ni manaja.

Aikina na farko a matsayin manaja shi ne in nemo takardar naɗi. Na je na yi ciniki na dawo in gaya masa, sai na iske an riga an naɗe kwando guda. Na ɗauki ɗaya na duba, sai ga rubutun hannuna. Bawan Allah nan ya shiga akwatina ya kwaso takardun karatuna na shekara biyu, ya yayyanka su da almakashi daidai wa daida. Na tsaya baki buɗe, hawaye na shirin zuwa. Ko a jikinsa. Ya ce in gode Allah, yau ne karatuna ya fara amfanar jama'a. Sai da Inna Tumba ta sa baki aka sayo farar takarda mai tsabta, shi ma yana ta mita wai an yi ɓarna.

Muka kwashi kaya muka shiga shaguna. Nan muka gane ashe ba a shiga gonar manya da garaje. Dilan kamfanin, wani Alhaji da ba zan kama sunansa ba, ya riga ya raba wa masu shago lema da bokiti da allon suna mai fenti. Ya kuma shaida musu duk wanda ya jera wani abu kusa da kayansa, lema za ta koma inda ta fito. Shago bayan shago sai a karɓa a jujjuya, a shinshina, a ce kai, abu ya yi kyau, Allah ya sa albarka, a miƙo mana abinmu. Na ce wa Kawu mu kai talla gidan rediyo. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce shi ba zai biya wani ya yabi miyar da bai taɓa sha ba.

Sai na ciro dabarar da aka koya mana a makaranta. A dafa miya tukunya biyu, ɗaya da dunƙulen kanti, ɗaya da namu, a ba mutane su ɗanɗana ba su san wacce ce wacce ba, su zaɓa da bakinsu. Na zaɓi kasuwar Shinkafi ranar Alhamis don a can jama'a take. Kawu ya ce shirme ne, amma tunda ni ce manaja a yi. Na roƙe shi a asirce da ya ɗan sassauta hannu a tukunyar kanti, kada ta yi daɗi da yawa. Kai, kamar na zage shi! Ya ce shekara hamsin bai taɓa sauke mugunyar miya ba, ba zai fara don ni ba. Haka ya tsaya ya kaɗa miyar kuka tukunya biyu, kowacce sai ka lashe kwano.

Hanyar ma kaɗai ta ishe ni. Sai da rana ta ɗaga muka bi jerin motoci, direba yana ta buga waya yana tambayar na gaba ko lafiya. Ni ina rungume da kwandon tuwo ina karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga banɗaki don ruɗewa. Kawu kuwa barcinsa yake, tukunya tsakanin ƙafafunsa.

Muka kafa tebur, jama'a suka taru, abin kyauta ne ai. Mutum ya ci wannan, ya ci wancan, in tambaye shi wacce ta fi. Sai ya suɗe hannu ya ce duka biyun Allah ya yi wa mai girki albarka. Na ce a'a, ɗaya zai zaɓa. Sai ya dube ni kamar na ce ya zagi uwarsa, ya ce shi ba a haife shi ya ci abincin mutum ya kushe ba. Mutum ashirin, magana ɗaya. Can sai ga wani dattijon malami da ake girmamawa a kasuwar, mura ta toshe masa hanci yana ta jan majina. Aka dare aka ba shi wuri. Ya ɗan taɓa ta kusa da shi, ita ce ta kanti, bai ko kai hannu ga ɗayar ba ya ce wannan ta yi. Shi ke nan, an gama da ni. Duk wanda ya biyo baya sai ya ce ai wadda Malam ya ce. Tuwo ya ƙare tas, ba mu sayar da ƙwaya ɗaya ba, yaran shagon dila suna gefe suna dariya har da riƙe ciki.

A mota ina kuka ƙasa-ƙasa, Kawu ya miƙo mini ɓarin goro, rabin rabi, ya ce, "Ke da littahinki. Wa kika taɓa gani ya ci tuwon mutum ya dube shi cikin ido ya ce miya ba ta yi ba? Gaskiyar miya sai mai ita ya ba da baya."

Washegari ya tara mu a tsakar gida ya kawo tasa dabarar. Ya ce akwai ɗaki ɗaya da lemar kamfani ba ta shiga, ɗakin jego. In mace ta haihu, komai bokonta, tukunya ta bar hannunta ta koma hannun uwarta ko kakarta, su kuwa tsofaffi ba sa yi wa mai jego miya babu daddawa. Kwana bakwai matan unguwa suna shiga suna fita, ana zuba musu, kuma a can ne mata ke faɗin gaskiya, don wanda ya kawo abin ba ya wurin. Sannan abin barka ba a mayar da shi. Saboda haka duk gidan da aka haihu, Inna Tumba da mutanenta su saka mayafi su je barka, su ajiye ƙulli guda na dunƙulenmu su fito. Yadda za a san inda aka haihu kuwa, wanzamai ne, su ake fara gaya wa saboda askin suna. Kawu ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya yi ta ba su kansa suna aske gashin da babu.

Na ce to madalla, in mata suka tambayi inda ake samu sai a ce gidan Kawu Nomau. Ya ce kul. A ce musu su tambaya a shagon unguwarsu. Na ce Kawu, ai shagunan ba su da shi, sun ƙi karɓa. Ya ce ya sani, shi ya sa.

Abin ya kama, ba ƙarya. Ba a yi sati biyu ba mata suka fara aike shago a sayo musu irin na gidan mai jego. Mai shago ya ce babu. Gobe wata ta aiko, jibi wata. Wasu da suka binciko asalin abin suka zo har ƙofar gida da kuɗinsu a hannu. Kun san abin da bawan Allah nan ya yi? Ya ƙi sayarwa. Ya ce su yi haƙuri, shi ba ɗan tireda ba ne, su koma su matsa wa mai shagonsu. Ina tsaye ina kallo ciniki yana juyawa yana tafiya da ƙafarsa. Kalwa muke saye, itace muke saye, kaya na fita kyauta, ba abin da ke shigowa. Ga zafin bazara ya kai inda ya kai, da la'asar sai hadari ya taso daga gabas ya yi baƙi ya watse. Rannan na shiga ɗaki na iske Inna Tumba ta juye irin geronta a faifai tana tsince shi. Na fita bayan ɗaki na yi kuka mai isata, sannan na je na gaya wa Kawu cewa taurin kansa zai kashe mutane. Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya ce masu shago sun kusa gajiya. Na ce sama ma ta kusa.

Ina jin maganar ta shige shi, don daga nan ya ƙara wuta. Ya ce Kaura kaɗai ba ta isa ba, za shi Zurmi. Kuma ya ce jiran haihuwa ɓata lokaci ne, gara a san gidajen da ake sa rana tun kafin a sauka, a shirya ƙulli a ajiye. Ya sami wani wanzami a can mai suna Jaɓɓi, wanda matarsa ungozoma ce, suka ƙulla. Kwana uku yana zuwa, yana bin lungu yana tambayar nan ne gidan wane, yana ciro takarda daga cikin hula yana rubutawa da ajami, yana yin ɗan zane a gaban kowane suna. Ku da kuka san halin da ake ciki, ku gaya mini, baƙon tsoho yana bin gidajen mutane yana rubuta sunayen magidanta, me za a ce da shi?

Da hantsi waya ta shigo. Wani direba ne da ya san mu, ya ce in zo maza, an kama Kawu a Zurmi, ana cewa infoma ne, mai kai wa ɓarayin daji rahoto. Wallahi ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Kowa ya san wanda aka liƙa wa wannan suna ba kullum yake kai wa gaban hukuma ba. Inna Tumba ce ta ɗaga ni, ta yafa mayafinta, ta ce mu tafi. A hanyar nan ban ko tuna da tsoron hanya ba.

Muka iske ƙofar gidan mai unguwa cike da maza, 'yan sintiri sun tare bakin zaure da sanduna, matasa suna ta hayaniya a fito da shi. Da ƙyar aka bar mu muka shiga. Kawu yana zaune a ƙasa ba hula, an yaga masa wuyan riga, leɓensa ya fashe. Jaɓɓi wanzami, da ya ji abin da ake ciki, ya sulale, ba wanda ya san inda ya yi. An zazzage jakar Kawu, ga dunƙulen daddawa a warwatse, wasu na cewa ai wannan basaja ce. Takardar tana hannun mai unguwa, dattijo mai sanyin hali, amma ka ga shi ma ransa a ɓace. Ya ce tun safe tambaya ɗaya yake yi wa tsohon nan, mene ne ma'anar zanen da ke gaban sunayen, wani ɗigo ɗaya, wani biyu, wani da'ira. Ya ƙi faɗa.

Na durƙusa na ce Kawu don girman Allah ka faɗa musu. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi mazan da suka cika zauren, wasunsu sunansu na cikin takardar, wasu surukansu na tsaye a gefensu.

"In hwaɗi mi? Sirrin ɗakin mutane, gaban iyayensu? Wasu cikin hwari na. Ku kashe ni dai."

Kun ji fa. Mutumin da zai tsaya a titi ya tona asirin miyar gidan hakimi, shi ne yau kunya ta hana shi cewa matar wane na da ciki. Ni kuma da na buɗe baki in faɗa, ya daka mini harara, sai na fasa. Kuma ko na faɗa, a wannan hayaniyar wa zai yarda da ni? A waje an fara dukan ƙyauren zaure.

Inna Tumba ce ta matsa gaba. Ta gaida mai unguwa a nutse, ta ce wannan takarda ba ta maza ba ce, in akwai tsohuwa a gidan a ba ta izini ta kai mata. Ya ce mahaifiyarsa na ciki. Aka haɗa mu da mutum ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa, muka shiga. Tsohuwar tana zaune a kan tabarma tana jan carbi. Inna Tumba ta ce in karanta mata sunayen. Na fara karantawa. Suna na farko ta yi shiru. Na biyu ta ɗaga gira. Kafin in kai na shida ta ajiye carbin ta fara dariya, irin dariyar tsofaffi da ba ta da sauti sai kafaɗa. Ta karɓe karatun da ka, tana faɗin na gaba kafin in faɗa, tana cewa wannan watan gobe, wannan ko yau ko gobe, mai da'irar nan kuwa ana zaton biyu ne. Inna Tumba ta ciro dunƙule ɗaya ta miƙa mata. Ta murƙushe shi a tafin hannu, ta shinshina, ta ɗan lasa, ta tambayi wa ya yi. Inna Tumba ta ce hannunta ne.

Tsohuwar nan ta dogara sanda ta fito har bakin zaure, abin da aka ce ta yi shekaru ba ta yi ba. Ta ce a saki bawan Allah a ba shi hularsa, takardar barka ce, duk mai son ƙarin bayani ya je ya tambayi uwarsa. Mazan da sunansu ke ciki suka fara sunne kai ɗaya bayan ɗaya. Har ta juya za ta koma, sai ta tsaya ta nuna Kawu da sanda.

"Amma aikinka bai cika ba, malam. Ba ka sa gidanga ba."

Mai unguwa, da furfurarsa da komai, ya rasa inda zai sa fuskarsa. Zauren ya fashe da dariya, har waɗanda suka zo da sanda. Ni dai ban yi dariya ba. Kawu kuwa ya karɓi hularsa ya kakkaɓe, ya bi dunƙulensa da suka warwatse yana tsincewa ɗaya bayan ɗaya, yana ƙorafin an taka masa guda uku.

Labari ya riga mu isa Kaura. Kowa yana son ya ga daddawar da tsoho ya kusa rasa ransa a kanta, matan da suka gaji da aike kuma suka ƙara matsa lamba. Kwana biyu tsakani, da azahar, sai ga mai shagon bakin tasha ya shigo yana waige-waige. Ya ce a ba shi kaɗan ya gwada, zai ajiye a ƙarƙashin tebur inda idon dila ba ya kai wa. Kawu, da leɓensa a kumbure, ya ce shi kayansa ba na sata ba ne, ko a saman tebur ko a bari. Na taka masa ƙafa, na ce Kawu ka rufa mana asiri. Mai shagon ya yi ta sosa ƙeya, ya ce to a saman tebur, amma can gefe. Kafin sati ya zagayo wasu huɗu sun biyo sawunsa, har da ɗaya daga Shinkafi. Lema kuwa ba wanda aka ƙwace wa, ashe barazana ce kawai.

A cikin satin ruwa ya sauka, ruwan shuka sosai, ƙasa ta jiƙu har ƙamshinta ya cika gari. Da safe ina shara na ga Inna Tumba ta fito daga ɗaki da gorar irin nan a hannu. Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Sauran matan suka tsaya cak, kowa ya zuba mata ido. Kawu yana bakin zaure, ya yi kamar yana gyaran sarƙar keke, amma na ga hannunsa ba ya motsi. Ta tsaya ta dubi gabas ta daɗe. Sannan ta dubi tukwanen kalwa uku da ke kan wuta, waɗanda masu shago ke jira. Ta je ga turmi, ta cire murfin gorar, ta juye geron duka a ciki. Ta ce a kawo mata taɓarya, yau fura za a sha a gidan nan. Tana daka hawaye na zuba, ba wanda ya ce mata ta bari. Manomi ya san abin da ake nufi da cin iri. Wasu daga ƙauyen nasu sun koma a daminar nan, kuma kun san labarinsu, ba zan maimaita ba.

Ba zan ce muku mun kayar da kamfani ba, ina! Motarsu na nan tana sauke katan-katan duk mako, kuma matan gari da yawa haɗawa suke, su jefa namu su jefa nasu a tukunya ɗaya. Kawu ya yi ta faɗa a kan wannan har ya gaji. Amma gidan yana ci da kansa, yaran suna makaranta, kuma ba a sake auna wa Inna Tumba hatsi ba.

Shekara ta zagayo ciwo ya kwantar da shi. Ya ƙi asibiti sai da aka ɗauke shi da ƙarfi, ya dawo yana cewa abincinsu ne zai ƙarasa shi. Ranar da zai cika, da hantsi, ina zaune kusa da shi a zaure, idonsa a rufe, ana daka a tsakar gida. Na zaci barci yake. Sai na ji ya kama hannuna.

"Luba, taɓarya biyar nika ji. Ina Tumba?"

"Ta tafi barka, Kawu. An haihu a bayan tasha."

"Barka ta tahi? Ba gida ba?"

"Barka, Kawu. Yanzu za ta dawo."

Ya saki hannuna, ya ce to madalla. Bai cika ba sai da ya ji sallamarta.

Allah ya jiƙan Kawu Nomau, ya yafe masa kurakuransa da kaifin bakinsa. Yadda ya buɗe ƙofarsa ga waɗanda ba su da wurin zuwa, Allah ya buɗe masa ta rahama, ya sanyaya makwancinsa. Mu da ya bari, Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya nuna wa Inna Tumba ranar da za ta taka gonarta ba da fargaba ba. Amin.